Darasi: Raba Hatsinka Kafin Ka Kai Kasuwa

Ya ɗan'uwa manomi, kaka ta yi. Gero ya shiga rumbu, an kaɗe riɗi, ana ɓarar zoɓo. Motoci suna ta kwasar buhuna zuwa kasuwar Shuwarin da ta Gujungu. Yanzu kowa mai kuɗi ne. To amma ka tuna watan Agusta. Mutum nawa ka sani da suka sayar da gero da kaka, suka dawo suna awo a tsakiyar damina?

Ga yadda abin yake faruwa. Da kaka hatsi yakan cika kasuwa, farashi ya sauka. Da kaka kuma ake aure, da gyaran gida, da sayen babur. Kafin bazara kuɗi sun ƙare. Ruwa ya sauka, babu na taki, sai bashi. Bashin nan kuwa da hatsin baɗi za a biya shi. Ka ga gona taka ce, gumi naka ne, amma riba ta wani ce.

Tun da ka iya karatu da rubutu, nemi littafi da biro. Mu yi lissafi tare.

A ce ka samu buhu 20 na gero da dawa. Noman damina ne, saboda haka zakka ɗaya cikin goma ce, wato buhu 2. Saura 18. Buhu yakan ci tiya 40. Idan gidanka na cin tiya ɗaya a rana, shekara za ta ci buhu 9 da 'yan kai. Ka ware 10, domin baƙo ba ya aiko da saƙo. Saura 8. Cire 1 na iri da na ko-ta-kwana. Saura 7.

Buhu bakwai ɗin nan su ne naka na sayarwa, ba 20 ba. Wanda ya taɓa goman nan, tuwon 'ya'yansa ya sayar.

Bakwai ɗin ma kada ka kai su kasuwa rana ɗaya. Kada kuma ka ce za ka ɓoye su duka sai sun yi tsada. A shekarar 2025 farashin hatsi ya faɗi, masu ajiya da yawa suka yi asara. A 2022 ambaliya ta cinye gonaki da rumbuna a Ringim da Miga da sauran wurare. Don haka ka rarraba. Sayar da wasu ka ajiye kuɗin taki, kada ka taɓa. Sayi tunkiya ko akuya, ga ƙaiƙayi da harawa a gida. Ita tana haihuwa, takardar kuɗi kuwa a ƙarƙashin katifa raguwa take yi.

Masu irin wannan ajiya ta gida sun ji jiki a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Buɗe asusu a banki ya fi. Tun 2024 hukumar NDIC take tsaya wa mai ajiya har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya rushe. Mai gudun kuɗin ruwa kuma, akwai bankuna irin su Jaiz da ba sa harka da shi.

Ke ma uwargida, darasin ya shafe ki. Adashi yana da kyau. Ki rubuta ranar zubi da ranar kwasa. Kwasar ta zo, kada ta tafi duka a anko da gudunmawar biki. Ki ƙara a jarin ƙuli-ƙuli ko kiwon kaji.

Aikin gida: Wani gida yana cin tiya 2 a rana, sun samu buhu 30. Cire zakka, da abincin shekara, da buhu 1 na iri. Buhu nawa za su iya sayarwa? Ka kai wa malamin ajinku amsa, sannan ka yi na gidanka.