Kara Ɗaya Ba Ƙaramin Abu Ba Ne

Ɗana, matso kusa mu yi maganar taba. Ba faɗa zan yi maka ba. Na san kai yaron kirki ne, abokan nan naka da kuke hira a bakin titi bayan la'asar su ma 'ya'yan mutunci ne. Ƙuruciya ce, kowa ya yi ta.

Akwai doka a ƙasar nan da aka yi saboda ku, ko da yake ban ga alamar an karanta muku ita ba. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a watan Mayun 2015, ana saura kwanaki ya sauka. Ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta hana a sa shi ya sayar. Ta hana talla. Ta hana sha a makaranta da asibiti da motar haya. Sai a 2019 Majalisar Tarayya ta amince da ƙa'idojin aiki da ita. Ka san aikin gwamnati, ba ya gaggawa. Daga 2021 kuma aka wajabta buga hoton cuta a jikin kwali.

Amma sashen da na fi so ka riƙe shi ne wannan: an hana sayar da taba kara-kara. Sai dai kwali cikakke, mai kara 20. Waɗanda suka rubuta haka sun san yaro. Yaro ba ya da kuɗin kwali, canjin aike yake da shi. Ko ya sami kuɗin ma, ina zai ɓoye kwali a gidan uwarsa? Kara ɗaya kuwa, a tsaye ake shanye shi a bayan shago.

To, ran kasuwar Talatar Mafara ka tsaya gaban mai tebur ka duba. Kwali na nan a buɗe tsakanin Tom-Tom da goro, ga ashana a gefe, kyauta ce ga wanda ya saya. Yaro ya miƙa kuɗi, a zaro masa kara, ya ƙara da alewa ɗaya don kashe wari. Hoton nan da aka buga don ya tsorata shi, bai ma gan shi ba, domin kwalin yana hannun mai tebur. Ba na zagin mai tebur. Abincin iyalinsa yake nema, wani ma bai taɓa jin dokar ba.

Mu a Zamfara mun ga yadda doka ke kama ƙasa. Da aka fara aiki da Shari'a a 2000, zamanin Yariman Bakura, giya ta shige ɗaka. Ba 'yan Hisba kaɗai suka kore ta ba. Jama'a ne suka tsaya, har mai sha ya ji kunyar a gan shi. Taba ba ta sami wannan ba. Malamai sun saɓa, wasu su ce makaruhi, wasu su ce haramun. Ga dattijo mai furfura yana busawa a majalisa ba mai ce masa uffan. Jami'in gwamnati kuwa yana Gusau, Jangebe ta yi masa nisa. Inda aka tsananta, aka ƙara haraji har kuɗinta ya fi ƙarfin aljihun yaro, aka hana kara-kara da gaske, matasa masu farawa suna raguwa. An ga haka a ƙasashe da yawa. Mu dai tukuna.

Yanzu ga sabuwa, wadda 'yan birni ke dawowa da ita hutu. Tabar lantarki, mai kama da biro, wata ma a yi mata caji kamar waya. Ƙamshin mangwaro take yi, ko kankana. Za su ce maka tururi ne kawai. Ɗana, sinadarin nikotin da ke ɗaure mai sigari, shi ne a cikin yawancinta, an dai sa masa zaƙi. Uwarka ba za ta ji wari a rigarka ba, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Ingila da ke da jami'ai a ko'ina sai da ta hana sayar da irin wadda ake sha a yar, daga 1 ga Yunin 2025, har da dalilin yadda yara suka rungume ta. Shisha ma 'yar gidansu ce, ruwan tulun ba ya wanke gubar hayaƙi.

Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, nikotin ma ya san wannan. Wanda ya fara yana 15, barinta ya fi masa wuya. Da fari numfashi ne zai gaza a filin ƙwallo. Sai tarin asuba. Sai kuɗin da ya sha rana a gonar shinkafa ta Bakolori ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, bai san inda ya shiga ba. Zuciya da huhu sukan yi shiru shekaru, sai lokacin da 'ya'ya suka fi bukatar mutum su kawo ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba kan kashe har rabin masu shanta da ba su daina ba. Kuma ka san majalisar da ake kunna kara, wani lokaci ba a nan ake tsayawa ba. Zama da maɗaukin kanwa ne.

In babba ya aike ka sayen taba, ka rusuna ka ce, "Baba, a yi haƙuri, an hana ni a gida." Ka ɗora laifin a kaina, na ɗauka. Kai ma kada ka aiki ƙanenka.

In kuma ka riga ka fara, ka zo ka faɗa mini, daga ni sai kai. Kwanakin farko ne masu zafi: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci. Cikin 'yan makonni abin ke lafawa. Ka sa aswaki a aljihu saboda bayan cin abinci, lokacin ne ta fi kira. Majalisar yamma kuwa ka ɗan ɗaga mata ƙafa, ka zo ka taya ni ba tumaki dusa.