A bar wa kifi hanya

Kifin da ake soyawa a Sabon Gari ba daga sama ya faɗo ba. Wani daga tabkin Madarunfa yake zuwa. Tabkin kuwa da ruwan gulbi yake cika.

Gulbin Maradi daga Najeriya yake fitowa. Yana bi ta Jiratawa da Maradi da Tibiri, sannan ya sake komawa Najeriya. Idan damina ta sauka, gulbi ya kawo, tarwaɗa takan bi ruwa ta hau. Tana neman fadama mai ciyawa inda za ta zuba ƙwai. Can ƴaƴanta suke samun abinci da wurin ɓuya.

Wajen shekarar 1990 an gina babban baraji a Jibiya. Tun daga nan ruwan da ke isowa Maradi ya ragu. Baraji yana da amfani, don yana ajiye ruwan noman rani. Amma ko ƙarami ne, bango ne a gaban kifi. Kifin da ya rasa hanya ba ya kaiwa wurin haihuwa. Bana ƙwai kaɗan, baɗi kifi kaɗan, masunci ya dawo gida da gora wayam.

A Turai da Amurka akwai wani kifi da ake kira salmon. A rafi ake haihuwarsa, ya girma cikin teku, ya dawo rafinsu ya yi ƙwai. Da madatsai suka tare shi, sai ya yi ƙaranci. Mutanen can suka yi dabara. Suna haƙa ƴar korama a gefen baraji, su jera ramuka kamar matakala. Kifi ya hau ɗaya, ya huta, ya hau na gaba, har ya ƙetare.

Salmon gwanin tsalle ne. Tarwaɗa da gargaza ba haka suke ba. Saboda haka tamu hanyar sai ta kwanta, kada ta yi tsaye. A sa duwatsu a ciki don su rage ƙarfin ruwa. Kada a kafa taru a bakinta lokacin hawan kifi.

In za a datse ruwa a garinku, ku zauna da sarkin ruwa da ma'aikatan gandun daji tun ba a aza dutse ba.

Tambayoyi:
1. Me ya sa tarwaɗa take hawa da damina?
2. Wane kifi ne ya yi ƙaranci a ruwan garinku?
3. Wa zai tsare hanyar kifi?