Nasiha Ga 'Yata Mai Shirin Karanta Ilimin Halittu



Mahaifiyarki ta shaida mini cewa sunanki ya fito a jami'a, amma a sashen nazarin halittu, wato bayoloji, ba likitancin da kika cike a JAMB ba, kuma tun daga ranar walwalarki ta ragu. Ban ga laifinki ba, don na san irin daren da kika raba kina karatu. Guraben likitanci kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki shiga wannan sashe da zuciyar wanda aka ba ragowa. Ilimi ne mai daraja, kuma ba ya buɗe wa wanda ya raina shi.

Ki dubi zazzaɓin cizon sauro. An daɗe ana ɗora laifinsa a kan gurɓatacciyar iskar fadama, har zuwa shekarar 1897, lokacin da Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya yi ta feɗe sauro har ya ga ƙwayar cutar a cikinsa. Gidan sauron da ake rabawa a asibitocinmu daga wannan ganin ya samo hujjarsa. Ki dubi kuma gwajin jini da ake yi kafin aure. Tushensa yana lambun Gregor Mendel, wanda ya shafe shekaru yana haɗa irin wake yana ƙirga abin da ya tsiro, ya wallafa sakamakonsa a 1866. Da ƙa'idarsa muka san cewa idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Gidaje nawa wannan sani ya tsare daga kwanan asibiti?

A nan gida ma, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya yi masa ɓarna. Aikin kuma bai ƙare ba. Ƙuduji na nan yana shanye dawa da gero, kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, yaran da ke wanka a kududdufi suna fitsarin jini saboda tsargiya, wadda ke renon kanta a jikin katantanwa kafin ta shiga mutum. Duk waɗannan suna jiran masu irin karatunki.

To, ga abin da nake so ki riƙe.

Ki kula da shekarar farko. Za a haɗa ki da kemistiri da fiziks da lissafi, ki ce me ya haɗa su da halittu. Ki yi haƙuri da su, domin ba za ki gane yadda ganye ke sarrafa hasken rana ya zama abinci ba sai da kemistiri. Makin wannan shekarar kuma yana bin ɗalibi har ya fita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada ki yi wasa da ɗakin gwaji. Ranar da za a ce ki ɓare siririyar fatar albasa, ki shimfiɗa ta a kan gilashi, ki ɗiga mata aidin, ki leƙa ta madubin ƙara girma, ki natsu. Da farko hazo kawai za ki gani. Ki riƙa murza abin daidaita madubin a hankali, sai ga ƙwayoyin halitta sun bayyana a jere kamar tubalan gini, kowace da ɗigonta a ciki. Ki zana abin da idonki ya gani, ko da bai kai na littafi kyau ba. Wasu za su kwafi zanen maƙwabcinsu su tashi. Kada ki bi su. Wanda ya haddace takardun malami don jarrabawa zai iya cin jarrabawar, amma wanda ya koyi kallo shi ne ya fita da ilimin.

Idan kin dawo hutu, ki ci gaba da karatun a waje. Ki tambayi manomi yadda yake gane ƙasar da ta gaji, makiyayi ya nuna miki ciyawar da shanu ke gudu, kakarki ta lissafa miki itatuwan da suka ɓace daga dajin garinmu. Ki haɗa abin da suka sani da na aji, ki rubuta a ƙaramin littafi. Ba su je jami'a ba, amma sun girme ki a lura.

Uwa uba, ki riƙe amana. A shekarar ƙarshe za ki yi bincikenki na kanki, kuma wata rana sakamakon zai saɓa wa abin da kika zata. Ki rubuta shi yadda ya zo. Wanda ya saba gyara alƙaluma yana ɗalibi, gobe shi ne zai sa hannu cewa ruwan rijiya ko magani lafiya lau ne alhali bai auna ba, rayukan mutane kuwa a kan wannan sa hannun suke.

Zancen aiki kada ya hana ki barci. Akwai koyarwa, akwai ɗakunan gwaji, akwai hukumomi irin su NAFDAC, akwai kiwon kifi, akwai digiri na biyu da hanyar bincike. Ki ƙara da iya kwamfuta da ƙididdiga, za su buɗe miki ƙofofi. In kuma Allah ya buɗe hanyar likitanci nan gaba, wannan karatun zai zame miki tushe. Amma kada ki zauna a aji zuciyarki na wani sashe.

Alƙur'ani ya kira mu mu yi tunani a kan raƙumi da ƙudan zuma da tsiron da ruwan sama ke fitarwa. Ke an ba ki shekaru huɗu ki yi wannan tunanin da kayan aiki a hannu. Ki gyara niyya, ki kiyaye sallarki, ki zaɓi ƙawaye masu tashinki karatu, ki girmama malamanki har da masu kula da ɗakin gwaji.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani, ya sa al'umma ta ci moriyarsa.

Baffanki.