Gyaran Madafi a Tsohon Gari: Abin da Ya Kamata Ya Riga Fenti

Unguwar Hubbare tana cikin tsofaffin unguwannin birnin Sakkwato. Ta samo sunanta ne daga hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a shekarar 1817. Gidajen wannan yanki a manne suke da juna, bango da bango, lungunansu kuwa matsattsu ne. A tsarin ginin gargajiya, mata kan yi girki a tsakar gida, bisa murhun duwatsu uku, ƙarƙashin rumfa ko cikin ɗan ɗaki marar ƙyaure. A yau magidanta da dama suna sauya wannan tsari. Sukan gina kicin na bulo da siminti, a rufa kwano, a manna tayil, a shafa fenti.

Wannan gyara abin so ne, amma akwai wurin da ake yawan kuskure. Tsohon madafi, duk da munin ganinsa, iska tana ratsa shi ta ko'ina. Sabon kuwa, in aka rufe shi ruf ba taga, aka kuma ci gaba da hura itace ko gawayi a ciki, ya zama kyan ɗan maciji. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa ɗalibi dalilan da suka sa ya wajaba mai gyaran madafi ya fara da abin da ido ba ya gani, wato iska da ƙwayoyin cuta, kafin ya kai ga ado.

Abin da ke cikin hayaƙi

Idan itace ya ƙone sarai, abin da ke fita shi ne zafi da tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid. To amma a murhun duwatsu uku ƙonewar ba ta cika, musamman in itacen ɗanye ne. Daga nan ne ake samun abubuwa biyu masu haɗari.

Na farko shi ne ƙananan ɓurɓushi da ke yawo cikin hayaƙi. Mafi illa a cikinsu su ne waɗanda faɗinsu bai kai maikiromita 2.5 ba. Don a gane ƙanƙantarsu, kaurin silin gashin kai ɗaya ya kai kimanin maikiromita 70. Baƙar kunkunniyar da ke maƙale a azara ko kwanon madafi, taron irin wannan ɓurɓushi ne. Abin da rufin ɗaki ya tara a shekara guda, irinsa ne mai girki ta yi ta shaƙa.

Na biyu shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. A cikin jini akwai wani sinadari mai suna himoglobin, wanda aikinsa ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Kabon monoksaid tana kama wannan sinadari da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Saboda haka sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da kasala, daga nan sai suma. Gawayi ya fi yaudara a wannan fanni, domin yana fitar da iskar da yawa alhali ba a ganin hayaƙi. Shi ya sa shigar da kaskon wuta cikin rufaffen ɗaki lokacin hunturu kan jawo asarar rai.

Yadda huhu ke kare kansa

Hanyoyin numfashi suna da masu gadi. Gashin hanci yana tare manyan ƙura. Majina tana kama matsakaita, sa'an nan wasu 'yan gasusuwa da ba a gani sai da madubin likita su yi ta kaɗa ta sama zuwa maƙogwaro. Amma ɓurɓushin hayaƙi yakan wuce dukkan waɗannan, ya isa 'yan jakunkunan iska da ke ƙarshen huhu, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi. A nan yakan haddasa kumburi, ya raunana ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta. Sakamakon haka shi ne ciwon nimoniya ga yara, da tari mai naci da ciwon zuciya da yanar ido ga manya.

Jaririn da aka goya lokacin girki ya fi kowa shiga haɗari, domin numfashinsa ya fi na babba sauri, huhunsa kuma bai gama ƙosawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000.

Inda za a huda taga

Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka sama take yi, ta tafi da hayaƙi. Madafi yana bukatar kafofi biyu: ɗaya a ƙasa inda sabuwar iska za ta shigo, ɗaya a can sama, dab da rufi, inda hayaƙi zai fita. Taga ɗaya tak ba ta wadatarwa. An fi samun biyan bukata idan kafofin suna bango biyu masu fuskantar juna. A Sakkwato iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuwa daga kudu maso yamma, saboda haka yana da kyau magini ya lura da waɗannan kusurwoyi.

A unguwa irin Hubbare, maigida kan ƙi buɗe taga ta wajen lungu don kiyaye sutura. Kimiyya da al'ada ba su saɓa ba a nan. Kafar da aka huda sama da tsayin mutum ba ta bari mai wucewa ya leƙa, kuma ita ce ta fi fitar da hayaƙi. Sai dai a sa mata ragar waya don tare ƙuda da ɓera. A kula kuma kada hayaƙin ya faɗa ɗakin kwanan maƙwabci.

Zaɓen murhu

Murhun duwatsu uku ba ya kai wa tukunya sai kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itace, saura iska ke kwashewa. Ingantaccen murhu na yumɓu ko ƙarfe yana killace wuta, ya rage cin itace. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta yi aiki a kan irin waɗannan murahu tun shekarun 1980. Amma rage hayaƙi daban, kawar da shi daban. In dai itace za a ci gaba da hurawa, to a sa bututun hayaƙi wanda ya zarce rufi, ko kuma a bar murhun itacen a rumfar tsakar gida.

Risho ma ba mafita ba ne, domin a ƙa'idojin da ta fitar a 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guji kananzir wajen girki. Gas ya fi su tsabta nesa ba kusa ba, amma da nasa sharuɗɗa. Ya fi iska nauyi, don haka in ya tsiyaya a ƙasa yake taruwa, wannan ma wani dalili ne na barin kafa ta ƙasa. Ana gwada tiyo da kumfar sabulu, ba da ashana ba. Harshen wuta shuɗi alamar ƙonewa ce mai kyau, rawaya kuwa alama ce cewa murhun yana son gyara.

Daɓe, bango da baƙin dare

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka abin yake ga kyankyaso, wanda ke yini cikin tsaga mai duhu da laima, da dare ya fito ya bi ta kwata, ya hau kwanon abinci. Ko daɓen gargajiya ne da aka sha da makuba, ko siminti, ko tayil, abin nema ɗaya ne: ya zama sumul, ba tsaga, ya ɗan karkata wajen magudana don kada ruwa ya kwanta. Tayil da aka manna bisa bangon ƙasa mai laima yakan ɓamɓare ta ciki, ya zama gidan kyankyasai.

Ƙuda kan saka ƙwai kusan 100 ko fiye a zama ɗaya cikin ruɓaɓɓen abu, kuma da zafi, kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwan ya zama cikakken ƙuda. Ma'ana, sharar da ta yi mako a bakin madafi ta riga ta haifi nata ƙudajen. Shi kuwa ɓera, ban da ɓarnar hatsi, akwai nau'insa mai yawan nonuwa da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Fitsarinsa da kashinsa a kan abinci su ne hanyar kamuwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mazubi mai murfi da kanta mai tsayi daga ƙasa sun fi tarko amfani.

Ruwa da ajiyar abinci

A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ƙarƙashin kwano marar silin kuwa ya fi haka. Bakteriya masu ɓata abinci suna yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60. In yanayi ya yi musu daidai, ƙwaya ɗaya kan rabu biyu kowane minti 20, ta yadda cikin awa 7 za ta haura miliyan 2. Don haka miyar da ta kwana sai an tafasa ta sosai, ɗumi-ɗumi bai isa ba.

Kada zamani ya kori randa daga sabon kicin. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana busar da kansa, ya tafi da zafi, shi ya sa ruwanta ke sanyi. Wannan ka'ida ce Muhammad Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya yi amfani da ita wajen yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da randa ke bukata shi ne gindi mai tsayi, da murfi, da moɗa mai dogon mariƙi, don kada hannu ya taɓa ruwan. Gyaɗa da masara kuwa a nisanta su da laima, domin funfunar da ke kama su tana fitar da gubar aflatoksin mai jawo ciwon dajin hanta.

Sa'an nan ado

Bayan an kammala waɗannan, sai a waiwayi ƙawa. Farin launi, na fenti ko na farar ƙasa, yana ƙara haske, yana kuma tona asirin datti da wuri. Wajen sayen fentin mai, a nemi wanda aka rubuta ba dalma a cikinsa, domin yara kan ci ɓawonsa, dalma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwa mai tasowa. Abin da ya auku a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda dalmar duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje, ya nuna girman wannan guba. Jeren kwanuka da faya-fayai ya fi dacewa cikin kabad mai ƙofa, labule kuwa a nisanta shi da wuta.

In kuɗi ba su isa a yi duka ba, to ga jerin fifiko: kafofin iska, murhu, magudana da daɓe, mazubai masu murfi, sai fenti a ƙarshe. Huda taga bai kai kuɗin tayil ba, amma shi ne zai fi kare uwa da ɗanta.

Aikin aji

Malami ya raba wa ɗalibai farin kwali uku-uku, a shafa musu man basilin. A rataye ɗaya sama da murhu nesa da harshen wuta, ɗaya a bakin ƙofar madafi, ɗaya a tsakar gida. Bayan kwana uku a kawo su aji a kwatanta, a rubuta irin makamashin kowane gida da yawan tagoginsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa gawayi ke da haɗari ko da ba a ganin hayaƙinsa?
2. Bayyana amfanin kafar sama da ta ƙasa a madafi.
3. Idan bakteriya 10 suka faɗa miya, nawa za su zama bayan awa 3?
4. Zana taswirar madafin gidanku, ka nuna gyara biyu mafi araha da za a iya yi masa.