Sassaƙen Kuka da Ciwon Damuwa

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce tun da maigidanki ya kuɓuto daga hannun mutanen daji barci ya ƙaurace masa. Abinci sai an matsa. Gonar da jama'ar Birnin Gwari suka koma nomawa bayan sulhun 2024 da mutanen daji, shi ko leƙa tasa bai yi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya yi watanni a dajin Kamuku da bindiga a kansa, jiki ne ke riga zuciya dawowa gida. Likitoci na kiran wannan ciwon damuwa, kuma yana jin magani.

Kin tambaye ni batun sassaƙen kukar da mai magani ya ba ku. Ban raina shi ba, da tsohuwar zuma ake magani. Masu binciken magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun bi masu maganin gargajiya na jihar Kaduna, suna tambayar abin da suke ba mai damuwa. Sun kuma tace ɓawon kuka sun ba ɓeraye. Akan saka ɓera cikin ruwa, a ga yaushe zai saduda ya daina iyo. Waɗanda suka sha sun fi daɗewa suna fafutuka.

To amma ɓera ne fa, ɗiyata. Shi auna masa aka yi daidai nauyinsa. Jiƙon tukunyarki kuwa yau ya yi kauri, gobe ya tsinke. Hanta da ƙoda ke ɗaukar nauyin, su kuma ba sa ƙorafi sai abu ya yi nisa. Tsiro kuma kan yi karo da wani magani: a Jamus akwai wani tsiro da likitoci kan rubuta wa mai damuwa, amma yana rage ƙarfin wasu magungunan, har da na tazarar haihuwa.

Ki lallaɓa shi ku zo asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Na san sunan wurin kan sa mutane kunya. Ki faɗa wa likita duk abin da yake sha, har jiƙon. In an ba shi ƙwaya, takan ɗauki makonni kafin a ga aikinta, kada ku yar da ita. Ranar da kika ji ya ce rayuwa ta ishe shi, kada ki bar shi shi kaɗai, ku kamo hanyar Kaduna a ranar.

A wurina za ku sauka, na share ɗaki. Ki riƙo mini garin kuka, na miya nake nufi, nawa ya ƙare.