Kafin Ka Ɗaura Waya a Kan Babur Ka Nufi Sabuwa

Sana'ata gyaran waya, shagona yana Funtuwa. Wayoyin 'yan acaɓa da 'yan kasuwar ƙauye daga Faskari, Ɗandume, Sabuwa har Ƙanƙara su ne mafi yawan abin da ke kan teburina, kuma da zarar na buɗe murfi nakan gane wadda ta sha rana a kan babur. Akwai wadda aka kawo mini a daminar nan da labarin mai ita ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake wannan rubutu.

Yayansa ne ya kawo ta a ƙulle cikin leda, sikirin ya tsage, bayanta ya ɗago. Ya ce, "Malam, ba gyara muke nema ba. Lambobin mutane da hotunan rasit za ka ciro mana, mai ita yana kwance a asibiti."

Saurayi ne daga Kano, yana yi wa wani dillalin maganin feshi aiki. An turo shi ya zaga shaguna ya karɓo kuɗin kaya, alhali bai taɓa taka yankin nan ba. Ya gama da Ƙanƙara bayan azahar, saura Sabuwa. Dattijon da ya sallame shi a shago na ƙarshe ya ce masa, "Ɗana, rana ta yi. Ka koma ta Malumfashi, ka bi Bakori, ka kwana a Funtuwa. Da safe sai ka bi 'yan kasuwa ta Ɗandume." Yaro ya duba manhajar taswira, ya ga hanyar dattijo zagaye ce, ga kuma wani layi da ya fi ta gajarta. Ya ce, "Baba, na gode, waya ta nuna mini ta kusa." Ya ɗauki hanyar Sheme.

Har Sheme Allah ya tsare. Gaba kaɗan layin ya sauke shi daga kwalta ya sa shi a burji, burji ya ƙare ya koma turba tsakanin masara da dawa da suka fi mutum tsawo. Nan sabis ya ɗauke. Bai sauke taswirar yankin ba kafin ya taso, don haka da ya wuce wata kwana, waya ta kasa lissafa masa sabuwar hanya. Ɗigon da ke nuna inda yake yana motsi, amma a kan fili fari fat, ba suna, ba layi. Ga wayar ya sa ta cikin jakar roba saboda ruwa, haske a ƙure, tana kan caji, rana na dukanta. Sikirin ya dushe, caji ya tsaya, kafin la'asar sakaliya ta mutu murus.

Ya ci gaba da tafiya da ka. Ya tarar da rafi ya kawo, ya juya, ya rasa turbar da ya biyo. Magariba ta rufa yana yawo. Can ya hango fitilu a bakin wani ƙauye, matasa masu gadin gari suna haska shi suna cewa ya tsaya. Shi ya ɗauka 'yan bindiga ne. Su kuma ga baƙo a kan babur cikin duhu, da jaka, da waya ɗaure a gaba, sai suka ɗauka ɗan leƙen asiri ne. Ya juya a guje, bai san da kwazazzabo a gefen hanya ba, ya afka. Cinyarsa ta karye.

Ban ga laifin mutanen ƙauyen ba. Wanda ya san abin da suka sha a shekarun nan ba zai yi mamakin tsoronsu ba. Limaminsu ne ya hana a taɓa shi, ya ce, "Yaro, faɗi lambar wanda ya san ka a kira." Ko lamba ɗaya babu a kansa, babu a takarda, duk suna cikin matacciyar waya. A zauren liman ya kwana yana nishi, don ba mai fita da dare a wannan yanki ko da kuɗi. Sai da gari ya waye aka ɗauko shi zuwa Funtuwa. Yanzu ƙarfe ne a ƙafarsa, aikin kuma ya tsaya.

Da na buɗe wayar raina ya ƙara ɓaci. Aisi ɗin caji ya ƙone ƙurmus, bakin caji ya yi baƙi, batir ya kumbura, kuma batirin ma ba nata ba ne, wani aka liƙa wa takarda aka cusa. Na ce a kawo mini cajar da ke jikin babur ɗin. Soket ne na araha, an jona shi kai tsaye, babu fiyus, an murɗa wayoyi da hannu an naɗe da salatif. Wanda ya yi wannan aiki ya karɓi kuɗinsa ya kwana lafiya. Ku ji tsoron Allah, masu wannan haɗi! Wutar babur ba ta tsayawa wuri ɗaya, balle in rektifaya ta fara gajiya. In ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba.

Waya ta san inda kake. Ba ta san rafin da ya kawo yau ba, ba ta san gadar da ta karye ba, ba ta san wanda ya tare hanya ba. Gajeriyar hanya kawai take lissafawa, kuma a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa gajeriyar hanya takan zama ta daji. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Kullum sai an zo mini da ƙorafin cewa GPS ya lalace saboda babu sabis. Taurarin ɗan'adam na GPS suna can sama da kilomita 20,000, kuma muddin waya ta kama huɗu daga cikinsu za ta san inda take ko babu layi a cikinta. Taswirar ce ke zuwa ta data. In ba ka sauke ta a gida ba, ka tafi da ɗigo ne kawai. Ka sauke, sannan ka kashe data ka gwada kana zaune a ƙofar gidanka, ka tabbatar tana nuna hanya. Zancen rashin sabis kuwa, a nan mun ga zahiri. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Funtuwa, aka shafe watanni a haka. Ana gab da wannan ne gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta ce a zaga ta Funtuwa. Wannan hanyar ce dai yaron ya ɗauka shi kaɗai da yamma. Taswirar da ka sauke bara ba ta da labarin dokar da aka kafa jiya. Kuma ko ba doka, eriyar ƙauye takan ɗauke kwana da kwanaki.

Su kansu ƙauyukanmu ba duka ke cikin taswira ba. Lokacin yaƙi da cutar shan inna, tun wajen 2012, sai da aka zana sababbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan'adam a jihohin Arewa, domin akwai ƙauyuka da rugage da yawa da ba su cikin kowace takarda. Ga maimaita suna. Sabon Gari nawa ne a ƙasar Katsina? Tudun Wada nawa? Ka rubuta suna ka danna na farko da ya fito, ka kama hanyar wata ƙaramar hukuma daban. Google ya kawo tsarin taswira na masu babur Najeriya a 2019, kuma yana da amfani a Legas da Kano, inda tituna ke da suna kuma dubban wayoyi ke bin su kullum. Turbar gona a bayan Faskari wani abu ne daban.

Zafi kuwa na gaji da faɗa. Kamfanin Apple ya ce wayarsa an yi ta ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran ma kusan haka suke. Mu nan a bazara muna haura 40 a inuwa. Sai ka ɗaura ta a rana, cikin roba, haske a ƙure, tana caji, sannan ka zo ka ce mini wayar ce ba ta da kyau. In ta yi zafi ka tsaya a inuwa, ka cire caji, ka fitar da ita daga jaka. Kada ka zuba mata ruwa. Jijjiga ma tana ci. A 2021 Apple ya yi gargaɗin cewa girgizar injin babur na iya lalata kyamarar waya, ni kuma abin da na fi gani shi ne bakin caji da ya saki, waya na nuna alamar caji amma ba abin da ke shiga. Mariƙi mai maganaɗisu yana rikita kamfas. Igiyar caji ta ɗari biyar ba ta tafiyar nesa. Fawa bank a aljihu ya fi soket ɗin da babu fiyus. Babu fiyus, kada ka jona.

Kada ka bar kwalta don waya ta ce ka bari. Ka tsaya a tasha ka tambayi direbobi da 'yan acaɓar garin, su ne suka san hanyar da aka bi lafiya da safen nan. Matambayi ba ya ɓata. Ka rubuta sunayen garuruwan da za ka ratsa da lambobi biyu ko uku a takarda, ka sa a aljihu. In za ka shiga ƙauyen da ba a san ka ba, ka cire wayar daga kan babur, ka yi sallama, ka faɗi wurin wanda ka zo. La'asar ta yi maka a Funtuwa ko Ɗandume, ka kwana. Na sake faɗa, kada ka bar kwalta.

Ku kuma iyayen gida masu turo yara daga Kano da Zariya karɓar kuɗi a ƙauyukanmu, haƙƙinsu yana wuyanku. Ba a miƙa wa baƙo makullin babur a ce waya za ta kai shi Sabuwa. Ku haɗa shi da ɗan gari, ku ba shi kuɗin kwana, ku kira wanda zai tarbe shi kafin ya tashi. In ba za ku iya wannan ba, ku sa a turo muku kuɗin ta banki, ku bar ɗan mutane a gida.