Duba waifar bas ɗinka kafin damina

Malam direba, zafin bazara da ƙurar hunturu ke busar da robar waifa. Da zarar ta fara ƙara ko barin layi-layi a gilashi, ta gama aiki. Sauya ta aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin hadari ya ritsa da kai da fasinjoji a hanya.

Tafi da tsohuwar wurin mai sayarwa, domin sau da yawa ta gefen direba ta fi tsawo. Wajen cirewa, shimfiɗa tsumma a gilashin. Ƙarfen da ke riƙe da waifar yana da sifirin, in ya suɓuce maka yana iya tsaga shi.

Don Allah, kada ka kunna ta a busasshen gilashi, yashi zai karce shi. Fesa ruwa tukuna.